Baƙar Ta Riga Ta Fita

Ƙarfe tara da 'yan mintoci suka ɗebi jinin yaron, suka ce mu dawo ƙarfe biyu. Babu wanda ya tafi a cikinmu. Muka zauna a dogon bencin da ke ƙofar ɗakin gwaji, ni a baki, 'yata Auta a tsakiya da jaririnta a cinya, mijinta a tsaye yana danna waya. Bencin na ƙarfe ne, ƙafarsa ɗaya ba ta taka ƙasa sosai, duk wanda ya motsa sai kowa ya ji a ƙugunsa. Ranar ni na fi kowa motsi.

"Baba, ƙaiƙayi kake ji ne?" in ji Auta.

"Tsufa ne."

"Tsufan nan naka yau da tsalle ya tashi."

Jaririn, wanda muke kira Ɗan Baƙo, watansa shida cif a ranar. An kawo shi ne a duba ko yana da sikila kamar yayarsa. Sun ce kafin wata shida na'urarsu ba ta gane jinin jariri sosai, shi ya sa aka jira. Iyayensa hankalinsu kwance yake, kuma ni na kwantar musu da shi. Wannan shi ne abin da ya hana ni zama wuri ɗaya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota. Inda muke jiran lodi, wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako, babu abin yi sai karta. Wasu da sa'a suke bugawa, wasu har da laya a hula. Ni ƙirga nake yi. Karta hamsin da biyu ce, rabi ja rabi baƙa, sarakuna huɗu. In na ga sarki uku sun faɗi a tebur, na san guda ne ya rage, kuma in ka ba ni zagaye biyu zan faɗa maka a hannun wa yake. Abin da ya fita ya fita, ba ya dawowa. Da wannan doka guda na yi suna a garejin garuruwan da yanzu ko sunayensu na fara mantawa. Na daɗe da tuba daga caca. Yanzu a shagon Tela muke bugawa da la'asar, wanda aka ci sai a maƙala masa abin shanya a kunne. Kunnena bai san zafinsa ba.

Jikata ta farko, wadda nake tsokana da Amarya, tana wata takwas hannuwanta suka kumbura kamar an hura su. Daga nan aka gane. Yanzu shekarunta biyar. In ciwon ya tashi ba ta ihu kamar sauran yara, matashin kai take cizo, in ta sami numfashi ta ce, "Kaka, ƙashina ake sara." Na ga mota ta murƙushe mutum a gabana ban yi hawaye ba, amma wannan magana sai na fita waje. Bayan kwanciyar asibiti ta uku, Auta da mijinta suka ce sun rufe haihuwa.

Sai wata rana surukin nawa ya zo gida. Mai gyaran firji ne, yaro mai kunya, kafin ranar gwajin nan bai taɓa zama kan kujera a gabana ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Baba, nas ta ce mana ɗaya cikin huɗu ne. Ni ban gane ba, kuma na ji kunyar sake tambaya, mutane sun yi layi a bayanmu. Na ce kai ka san lissafin irin wannan."

Da na ce masa ban sani ba, da ban ragu da komai ba. Amma mutumin da aka daɗe ana yi wa kirari, kalmar ban sani ba nauyi take yi masa a baki. Na ɗauko kartata, na zaro huɗu, ja uku baƙa ɗaya, na kife su a tabarma.

"Ga 'ya'yanku huɗu. Ɗaya ce baƙa." Na buɗe baƙar, na tura ta gefe. "Wannan ita ce Amarya, Allah ya ba ta lafiya. Baƙar ta riga ta fita. Me ya rage?"

Ya buɗe sauran da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk ja.

"Ke nan, Baba..."

"Ke nan kun riga kun sha naku ɗacin. Uku masu zuwa lafiyayyu ne."

Ya tashi kamar an sauke masa buhu daga ka. Washegari Auta da kanta ta zo, ta sa na sake yi mata. Ta daɗe tana kallon baƙar da ke gefe, sannan ta ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce mata a rayuwata ba a taɓa ci na a ƙirga ba. Wannan kam gaskiya ce.

Cikinta yana wata bakwai maganar ta tashi a shagon Tela. Mu uku ne ranar, ni da Tela da Mai Alli. Mai Alli tsohon malamin lissafi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo, amma a karta ko makaho ya ci shi, don fuskarsa ba ta riƙe sirri. In ya sami sarki gemunsa har rawa yake yi. Ranar abin shanya uku ne a kunnensa na dama.

"Malam, a fara na hagu ko akwai sauran wuri?" in ji Tela. Sannan ya juyo kaina. "Af, Direba, an ce Auta ta yi nauyi. Ba sun ce sun rufe ba?"

"Ni na buɗe musu," na ce, na kwashe labarin duka na faɗa, har da ɗan ƙarin gishiri.

Mai Alli ya ajiye kartarsa a buɗe a tsakiyar wasa. Ya cire abubuwan shanyar daga kunnensa, ɗaya bayan ɗaya.

"Maimaita abin da ka gaya musu."

Na maimaita.

"Innalillahi," in ji shi a hankali. Ya tattara kartar, ya zaro huɗu, ja biyu baƙa biyu. Ya ba Tela ja da baƙa. "Riƙe. Kai ne uban." Ya riƙe ja da baƙa shi ma. "Ni ce uwar."

"Da gemun naka?" in ji Tela.

"Rufe mana baki. Direba, runtse ido, ka zaro ɗaya a hannunsa, ɗaya a nawa. Kowane yaro haka yake samun jininsa, rabi nan rabi can."

Na zaro. Ja daga Tela, baƙa daga Malam.

"Wannan yaron ƙalau yake, sai dai yana ɗauke da abin kamar iyayensa. Ja da ja, shi ko ɗauka bai yi ba. Baƙa da ja, ƙalau. Baƙa da baƙa ne mai ciwo. Ƙirga."

"Huɗu."

"To huɗun da nas ta faɗa ke nan. Hanyoyi huɗu, ba 'ya'ya huɗu ba."

Sai ya karɓe kartar daga hannuna, ya mayar wa Tela tasa, ya mayar da tasa, ya ce in sake zarowa.

"A'a Malam, wannan ai maguɗi ne. An riga an buga su. Wanda aka buga gefe yake zuwa."

"A teburinka. Da surukinka ya ba Amarya baƙarsa, rabuwa ya yi da ita? Kai shi gobe a gwada jininsa, tana nan inda take. Ta Auta ma tana nan. Kowane ciki sabon rabo ne, da karta a cike."

Keken ɗinkin yaran Tela yana ta ƙara a bayanmu, amma ni sai na ji kamar an toshe min kunne da auduga. Na so in yi gardama. Amma ina! Mutumin da nake ci kullum ya kayar da ni da karta huɗu.

Ban yarda nan take ba. Kashegari da safe na rufe ɗakina, na ɗauko huluna biyu, na sa ja da baƙa a kowace, ina girgizawa ina zarowa ina mayarwa. Duk sanda baƙa da baƙa suka fito sai in ajiye tsinken ashana. Sau arba'in na yi. Tsinke goma sha ɗaya. Abin da ya fi tayar min da hankali, sau biyu baƙa da baƙa suka fito a jere, ɗaya na bin ɗaya, babu ko kunya.

Mai nutso ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Na zauna na sake lissafi, na samo wata 'yar mafita. In na farko ɗaya cikin huɗu ne, na biyu ma ɗaya cikin huɗu, to a ce duka biyun su zo baƙi, huɗu sau huɗu ke nan, ɗaya cikin sha shida. Ɗaya cikin sha shida ai da sauƙi. Ban ko karya ba na nufi gidan Mai Alli. Na tarar da shi a ƙofar gida yana ba shukokinsa ruwa da tsohon gwangwani.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Lissafinka daidai ne, wallahi ka burge ni. Da ka zo min da shi kafin a haifi Amarya, sai in sa maka hannu. Amma na farkon ya riga ya faru, ba a cikin zato yake ba yanzu. Abin da ya rage zara ɗaya ce, kuma ɗaya cikin huɗu ce."

"Ko ɗan ragi babu? Don an riga an sha sau ɗaya?"

"Kai ne kake tunawa, Direba. Kartar ba ta san an taɓa zaro ta ba." Ya zuba sauran ruwan. "Amma uku cikin huɗu suna gefenka. Ka riƙe wannan."

Na riƙe, bai ɗumama ni ba. Da za a ce min a cikin tafiya huɗu birki zai tsinke sau ɗaya, ko makulli ba zan murɗa ba, balle in ɗora iyalina a gaba.

"Za ka gaya musu?" ya tambaye ni.

"Ciki wata bakwai, Malam. Magana za ta mayar da shi ne?"

Haka na ce masa, haka na riƙa ce wa kaina. Mace mai nauyi ba a ɗaga mata hankali. Da ta haihu na ce mai jego ce. Da aka yi arba'in na ce ai saura kaɗan a yi gwaji, me zai sa in hana su barcin wata huɗu? Duk waɗannan dalilai ne na gaske, ban ƙirƙire su ba. Amma akwai wani a ƙarƙashinsu da ban so in duba: ban san da wace fuska zan kalli yaron da ya durƙusa a ƙofata ba. Wata takwas ina ɗauke da abin ni kaɗai. Kullum in je gidansu da sunan ganin Amarya, in ɗauki Ɗan Baƙo, in yi kamar wasa nake masa, ina duba farin idonsa ko ya yi rawaya, ina matsa yatsunsa. Har Auta ta ce ba ta taɓa ganin kaka mai son jika irina ba.

A bencin nan, agogon bango kamar an ɗaure masa dutse. Tagar da ake miƙo sakamako tana da koren labule, duk sanda ya motsa sai in ɗaga kai. Wajen sha ɗaya da rabi yaron ya farka da kuka, yana wutsil-wutsil da hannu. Idona ya sauka a bayan hannunsa na dama. Ya tasa. Ya yi ja.

"Kawo shi nan."

"Yunwa ce, Baba."

"Na ce kawo shi."

Na kama hannun na matsa a hankali. Ya ƙara tsanyara kuka. Na gwada da na hagu, na dama ya fi shi. Haka na Amarya ya fara, ta hannun dama.

"Tun yaushe hannun nan yake haka?"

Auta ta leƙo. "Wannan? Sauro ne jiya. Ga ma bakin cizon nan. Baba, wai lafiyarka kuwa? Gumi kake yi."

Na duba, da ɗan ɗigo a tsakiya. Ko cizo ne, ko kuwa ni nake so ya zama cizo, ban iya rabewa ba.

Surukina ya sa waya a aljihu, ya matso ya ɗan rusuna. "Baba, da ka je gida ka huta. Mu ai mun san abin da takardar za ta faɗa. Don dai likitoci sun nace ne."

"Ina nan," na ce.

Muka yi sallar azahar a wani lungu bayan ɗakin magani. Ban san abin da na karanta ba. Ƙarfe biyu ta yi, ta wuce. Aka kira wata tsohuwa, aka kira wani mai sanda, aka kira waɗanda suka zo bayanmu. Biyu da rabi wata nas ta ɗaga labule ta ce, "Masu jaririn nan, ku ƙara haƙuri, za mu sake sa nasa."

"Me ya faru?" Muryata ce, amma ban san na tashi tsaye ba.

"Babu komai, Baba. Na farkon bai fito sosai ba ne."

Ta saki labulen. Na san irin wannan babu komai. Na sha faɗa wa mai kaya ita a waya alhali mota tana cikin rami. Auta ta dube ni, ta dubi mijinta, a karon farko ranar na ga fuskarta ta canza. Ta ƙanƙame yaron.

"Baba, ai ba zai yiwu ba, ko? Ka ce ta riga ta fita."

Ga ƙofa an buɗe min. Na kalli ƙasa na ce, "Mu jira takarda."

Uku saura kwata aka kira mu. Surukina ya karɓo, tun kafin ya buɗe na fizge daga hannunsa, abin da ban taɓa yi masa ba. Karatuna bai wuce lambar mota da allon hanya ba, amma harafi biyu ba za su gagare ni ba. Na san na Amarya, S da S ne, kamar macizai biyu a jere. Na bi takardar da yatsa har ƙasa, inda aka zagaye da jan biro. Na farkon A ne. Na biyun S.

"Ƙalau yake," in ji nas ta taga. "Yana ɗauke da shi kamar ku, amma ba shi da ciwon. Sai dai in ya girma ya kula da wadda zai aura."

Na koma kan bencin har ya yi ƙara. Auta tana kuka tana dariya tana sumbatar kan yaron. Ni alhamdulillahi kawai nake maimaitawa. A raina na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri, abin ya mutu a nan, babu wanda zai taɓa sani sai ni da Mai Alli da Tela.

Sai surukina ya yi magana.

"Ban gaya miki ba? Baba ba ya kuskure!" Fuskarsa kamar an kunna fitila. "Ja ɗaya ta fita, saura biyu. Bari ya yi wayo a samo masa ƙanwa." Ya juyo wurina. "Baba, na ma yi wa wani abokin aikina irin yadda ka yi mana. Su ma ɗansu na fari haka yake, sun tsorata. Da kwalayen ashana huɗu na nuna masa. Ya ce in yi maka godiya."

Na dube shi. Yaro mai gaskiya, ya ɗauki gubar da na ba shi yana rabawa mutane da zuciya ɗaya. Kuma yanzu ga takarda a hannu mai hatimi, wadda za ta zama shaidarsa. Da sakamakon ya zo baƙi, da takardar ce za ta tona ni. Da ya zo fari, sai ya zama babu mai tona ni sai ni.

"Zauna," na ce masa.

"A'a Baba, nan ma ya isa."

"Zauna a bencin nan, kusa da ni."

Ya zauna a ɗofane. Na faɗa musu. Ban yi kwana-kwana ba, don na san in na yi kwana ɗaya ba zan dawo hanya ba. Na ce lissafin da na yi musu ƙarya ne, ba da gangan ba, amma ƙarya ne. Babu abin da ya fita. Kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne, na biyu da na uku da na goma. Yaron nan Allah ne ya tsare shi, ba wayona ba. Na ce ya kira abokin aikin nan nasa yau, kafin rana ta faɗi.

"Amma Baba, ga shi ya fito daidai," in ji shi, yana nuna takardar.

"Makaho ma yakan jefa dutse ya sami tsuntsu. Ba ya mayar da shi maharbi."

Hawayen da ke fuskar Auta ba su bushe ba, amma dariyar ta tafi. Ta daɗe tana kallon hannun yaron, wanda na matsa ɗazu.

"Shi ya sa kake duba idonsa kullum."

"Shi ya sa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Kina wata bakwai."

Na ga tana ƙirgawa, leɓenta yana motsi. Na jira ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Ba ta yi ba. Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta je ta ƙwanƙwasa tagar.

"Don Allah 'yar'uwa, in kina da minti biyar, muna so ki yi mana bayanin ɗaya cikin huɗun nan. Daga farko. A hankali."

Nas ɗin ta ce su zagayo ta ƙofa. Na yunƙura zan bi su.

"Baba, kai ka tsaya nan."

Ba ta taɓa yi min magana da wannan murya ba. Na koma na zauna. Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta dawo ta ɗora min Ɗan Baƙo a cinya ba tare da ta dubi fuskata ba, ta ajiye jakar kayansa a gefena.

"In ya yi kuka akwai ruwa a ciki. Kada ka matsa masa hannu."

Suka shiga, ƙofar ta rufe. Ta cikin katako ina jin muryar nas tana tashi tana sauka, da muryar surukina yana tambaya, yana sake tambaya. Yaron ya kama babban yatsana ya kai baki, ya shiga tauna da dasashi.